Rizal ɗina ya ƙi fitowa kamar na tsofaffin tesis, an ce in biya a haɗa min

Salam Anti, dan Allah a sakaya sunana. Ina mastas ne a inoganik kemistiri a wata jami'a nan Kano, na shiga shekara ta uku, yajin aikin 2022 ya cinye mana wata takwas ga kuma haihuwa da na yi a tsakani. Aikina haɗa ligan ɗin Schiff ne (sinadari mai kama ƙarfe) daga salisilaldehaid da o-fenilindayamin, sai in haɗa shi da ƙarafan Mn, Fe, Co, Ni da Cu (manganis, ayon, kobal, nikel da kofa) in samu kwamfileks, wato haɗin ligan da ƙarfe. To wallahi komai ya ƙi. Na nikel ɗin ya fito ja, da na sa shi a sikelin maganaɗisu sai ya ba ni kusan sifili alhali duk tesis ɗin da na duba wajen 3 suke rubutawa. Na Fe tun ina tacewa ya koma ruwan ƙasa mai duhu, na Mn kuma IR ɗinsa (zanen gwajin hasken infrared) da na ligan kamar an yi hotokwafi. Sufabaiza ɗina ba ya zama, in na kira ya ce in zo wani satin. Maigida sau biyu yana ba da kuɗin kemikal, yanzu ya ce ko in gama bana ko in haƙura. Akwai wani da ya riga mu gamawa ya ce in kawo dubu saba'in zai haɗa min duk teburan cafta ta huɗu, wai kowa haka yake yi kuma ba mai dubawa. Zuciyata ba ta kwanta ba amma na gaji. Ya zan yi?

Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya raya abin da aka samu, sannu da fama kuma, mastas da goyo a garin nan ba ƙaramin aiki ba ne.

Kar ki ba shi ko sisi. Kuma ba wai dan tsoron Allah kaɗai nake faɗa miki ba, duk da shi ne a gaba, hadisin nan na wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu kin san shi tun a islamiyya ba sai na tsaya ja miki ba. Dalili na biyu shine ke fa kin riga kin samu rizal, wanda za ki biya a sayar miki shi ne na banza. Bari mu fara da nikel ɗin da kike kuka da shi, dan ni da na karanta wasiƙarki nan ne na yi murmushi.

Ligan ɗinki wurin kamawa huɗu gare shi, naitirojin biyu oksijin biyu, kuma saboda zoben benzin ɗin da ke tsakiya duk huɗun a shimfiɗe suke waje ɗaya ba ya lanƙwasuwa yadda ya ga dama. Ni(II) kuma d8 ne, wato elektaron takwas gare shi a sashen da ake kira d. In d8 ya samu irin wannan ligan ɗin zama yake a sukwaya filana, wato a tsakiyar kusurwa huɗu a shimfiɗe, elektaron takwas ɗin nan su yi biyu-biyu gaba ɗaya ba wanda ya rage shi kaɗai, to me maganaɗisu zai ja? Ba komai. Shi ake cewa dayamagnetik, sikeli zai ba ki sifili ko ma lamba ta ƙasa da sifili, kuma kalar irin waɗannan ja ce ko ruwan lemo mai duhu, daidai abin da ke cikin kwalbarki. Wancan 3 ɗin da kike gani na nikel ne mai zaman oktahidiral, wato wanda aka kama ta wuri shida, mai elektaron biyu da ba su yi tarayya ba, shi ne faramagnetik da maganaɗisu ke ja, lissafinsa 2.83 BM (ma'aunin ƙarfin maganaɗisu) a takarda, a sikeli yakan zo 2.9 zuwa 3.3, kuma yawanci kore ne ko shuɗi-shuɗi, ruwa ko wani abu ya hau sama da ƙasa ya cike shida. Wataƙila masu tesis ɗin can wani ligan ɗin suka yi amfani da shi, wataƙila kuma su ma kwafa suka yi daga na gabansu, Allah masani. Ke dai naki ya yi abin da littafi ya ce zai yi, kin yi aiki mai kyau kina zaune kina zagin kanki.

Yanzu ki ɗauka kin biya, an rubuta miki 3.1 a gaban Ni. A tebur na farko kin rubuta kala ja. A IR ba faffaɗan fik ɗin ruwa, wato tsinin da ruwa ke fitarwa a zanen, a wajen 3400. A zanen da kika yi a cafta ta biyar kin ɗora masa ruwa biyu dan lissafi ya tashi. Teburan nan naki shaidu ne a gaban alƙali, kala shaida ce, maganaɗisu shaida, kondaktans (yadda yake ɗaukar lantarki a narke) shaida, IR da UV da CHN (awon kabon, haidirojin da naitirojin) duk shaidu, estanal ɗin da ya san aikinsa, wato malamin da ake gayyatowa daga wata jami'a ya duba tesis, ɗaya bayan ɗaya zai kira su ya ji ko bakinsu ya zo ɗaya, shi kuma mai haɗa rizal daga tesis uku ko huɗu yake tsinto su, ba su taɓa ganin juna ba. Tambaya ɗaya za a yi miki a difens, Malama me ya sa kwamfileks ɗinki ja ne amma faramagnetik, ki tsaya kina kallon silin. Kuma ga wata da na sha gani a rubuce-rubucen ɗalibai, mutum ya rubuta M–O (ƙarfe da oksijin) a 450 da M–N (ƙarfe da naitirojin) a 520 a cikin tebur, a bayan tesis kuma ya liƙa takardar IR ɗin da ta tsaya a 650, domin da yawan injinan IR irin na ATR ɗin da ake amfani da su daga 4000 zuwa 650 suke karantawa. Ina ya ga 450 ɗin? Je ki duba taki takardar yau ɗin nan, in a 650 ta tsaya kar ki rubuta komai ƙasa da haka, ki faɗa a fili cewa injin bai kai wurin ba.

Zancen ba mai dubawa kuwa, a ƙarshen 2009 mujallar Acta Crystallographica E ta sanar da janye tsarin kiristal 70 da wasu malamai biyu na jami'ar Jinggangshan a ƙasar Sin suka buga, kin san me suka yi? Ainihin data na gaske na wani suke ɗauka su cire ƙarfen da ke tsakiya su sa wani, kusan irin sana'ar mutuminki. An buga, shekaru sun wuce, sai da aka bi da manhajar bincike aka ga lambobin ba su dace da ƙarfen da aka ce ba, aka kore su daga aiki. Ke ma in kin gama za a ce ki fitar da fefa, ko a ChemSearch ta ƙungiyar masana kemistiri reshen Kano ko wata, tana nan a intanet da sunanki da na sufabaiza har abada, kuma jami'a na da ikon karɓe digirin da ta bayar. Sannan mutumin da ya haɗa miki ya riƙe sirrinki a wayarsa, ke matar aure, wannan ma kaɗai ya isa ki guje shi.

Toh sai Fe. Shi kam gaskiya ba abin da kika rubuta a furofozal ba ne a cikin kwalbar, amma ba laifin hannunki ba ne, iska ce. Fe(II) a buɗaɗɗiyar bika cikin etanol mai ɗumi ba ya daɗewa oksijin ya mayar da shi Fe(III), wannan ruwan ƙasan da kika gani yana bin takardar tacewa shi ne, wani lokacin ma su haɗu biyu-biyu da oksijin a tsakaninsu lambar maganaɗisun ta faɗo ƙasa sosai ki rasa gane kanta. Kuma ba shi kaɗai ba, Mn(II) da irin wannan ligan ɗin shi ma da sauƙi yake hayewa Mn(III) a iska, Co(II) kuwa tun 1938 wani ɗan Japan mai suna Tsumaki ya nuna cewa ɗan'uwan wannan kwamfileks ɗin naki kama oksijin yake ya yi duhu, in an ɗumama ya sake shi. Kinga ƙarafa uku cikin biyar ɗinki masu rigima da iska ne, ban san ya aka yi aka wuce da furofozal ɗin ba tare da an tambayi ko akwai silindar naitirojin a lab ba, amma dai ya wuce. In akwai naitirojin ki roƙa a nuna miki yadda ake aiki a ƙarƙashinsa. In babu, hanya mafi tsafta ita ce ki sayi FeCl3 ki yi Fe(III) ɗin da gangan ki kira shi da sunansa, ko a cire shi a sa Zn(II), wato zink, wanda ba ruwansa da iska kuma d10 ne, ya zama abokin kwatancen nikel ɗinki. Ƙarfe uku ko huɗu da aka tabbatar da su sun fi biyar ɗin da ba a san me ke ciki ba, ba inda aka saukar da cewa sai biyar.

Na Mn mai kama da hotokwafi, abu biyu ne. Ko dai ligan ɗin ne ya sake saukowa bai kama komai ba, ko kuma ya kama ke ce ba ki lura ba, domin fik ɗin C=N na wajen 1610 ɗin nan ba tsalle yake ba, matsawa yake kaɗan, in kin ajiye takardu biyu kina kallo daga nesa sai ki rantse ɗaya ne. Ki karanta lambobin da ke kan fik ɗin, ki duba ko alamar OH ɗin finol ta ɓace, ko C–O ta matsa. Amma kafin wannan ma, kalar garin fa? In har yanzu ruwan ɗorawa ne ko lemo-lemo irin na ligan, ki cusa kaɗan a siririn bututun kafilari ki duba narkewarsa a wuta, in ya narke daidai inda ligan ke narkewa shikenan an gama magana, ligan ne. Kwamfileks na gaske yawanci ba ya narkewa a nan, sai can sama ya ƙone ya yi baƙi. Kuma ina zargin gishirin kulorayid kika sa. OH ɗin nan sai ya saki haidirojin ɗinsa kafin ya kama ƙarfe, in kulorayid ne asid ke taruwa a ruwan yana hana kamun, har ma yana iya farke ligan ɗin ya koma abin da aka haɗa shi da su. Ki koma asitet, ko ki ɗiga tirayetilamin kaɗan, sau da yawa a gaban idonki kala za ta juya.

Abin da ke cinye kuɗin maigida kuwa na gane shi daga yadda kika jero labarin, kina kai samfur wurin gwaji mai tsada kafin ki yi mai arha. A juya. Kala, narkewa a wuta, narkewa a sinadarai, TLC (gwajin tsarkin samfur a kan faranti), kondaktans, maganaɗisu, duk waɗannan a lab ɗinku ne kusan kyauta, sai samfur ya tsallake su sannan ya cancanci kuɗin IR balle CHN, wanda shi ma in ya dawo ana so ya zo cikin 0.4 na abin da kika lissafa. Kuma ki koma baya ki kalli kayan da kika fara da su. O-fenilindayamin mai kyau fari ne ko ya ɗan yi ruwan toka-toka, in naki ya yi baƙi-baƙi a kwalba ya sha iska, ki sake kiristalaizin ɗinsa da ɗan garin gawayin lab kafin ki taɓa shi. Aldehaid biyu ne ga amin ɗaya, in kika rage aldehaid ɗin yana iya zarcewa ya ba ki benzimidazol ki yi ta haɗa ƙarfe da abin da ba shi kike nufi ba. Sai ruwan da ke cikin gishiri, nan ɗalibai ke zubewa ba su sani ba, NiCl2 busasshe 129.6 ne nauyinsa, mai ruwa shida kuma 237.7, kore ɗin nan da ake sayarwa mai ruwan ne, in kika yi lissafi da na farko kin zuba kusan rabin nikel ɗin da ake buƙata kenan. Kemikal ɗin da aka ƙulla miki a leda ko aka juye a wata kwalba ba lakabi, komai arharsa ki bar musu.

Sikelin maganaɗisun ma yana da ladabinsa. Ki daka samfur ya yi laushi a turmin lab, ki auna bututun yana fanko ki rubuta lambarsa, ki zuba kaɗan-kaɗan kina ƙwanƙwasa gindinsa a kan benci har ya daina sauka, tsayin ya wuce santimita 1.5, ki karanta, ki zazzage ki sake cikawa ki sake karantawa ki ga ko sun yi kusa. Ki yi gyaran Pascal, wato ki cire kason dayamagnetik daga lissafin. Sannan dan Allah ki duba tamomita, kowa 298 K yake kwafowa daga littafin Turawa alhali a watan Afrilu lab ɗin nan yana iya kai digiri 38, wato 311 K, kuma T, wato zafin ɗakin, na cikin lissafin. Kondaktans ma zafi na motsa shi, kusan kashi 2 cikin 100 kowane digiri, ki rubuta zafin ɗakin kusa da kowace lamba. Da sanyi kuma in kika zo da safe kika tarar DMSO ɗinki, sinadarin da kike narkar da samfur a ciki, ya daskare a kwalba kar ki ce ya lalace ki zubar, a wajen digiri 18 zuwa 19 yake ƙanƙara, ki sa kwalbar a ruwan ɗumi.

Tunda na ambaci DMSO, ke mai shayarwa ce, ki ji wannan da kyau. Yana ratsa fata kuma yana shiga da abin da aka narkar a cikinsa, ke kuma nikel da kobal kike narkarwa. DMF, wani sinadarin narkarwar, ya fi shi sharri ga mai ciki. Safar hannu dole, in ya ɗiga a kanta ki cire ki sa wata, hijabi a cusa cikin lab kot kar ya yi ta reto kusa da wuta ga etanol a buɗe, lab kot ɗin kuma ya kwana a makaranta kar a haɗa wankinsa da kayan jariri. Ki wanke hannu har gwiwa kafin ki ɗauki yaro. In kina zargin wani cikin ya shiga ki faɗa a canza miki sinadari, ba abin kunya a nan.

Wuta da ruwa ba zan ɓata bakina ba duk mun san halin da ake ciki. Bokiti ɗaya da ɗan famfon tankin kifi zai riƙe miki kondensa ko famfo bai kawo ba, ki auna komai ki jera tun jiya dan ana kawo wuta ki kunna. Ku haɗu ku uku ko huɗu 'yan inoganik ku sayi etanol da gishirin ƙarfe tare, ku tura samfur tare. Zariya ba nisa, akwai cibiyar bincike ta NARICT a Basawa akwai babban lab ɗin haɗaka na ABU, a Abuja akwai cibiyar SHESTCO a Sheda, amma ko ina ne ki kira ki tabbatar injin da kike so yana aiki kuma daga nawa zuwa nawa yake karantawa kafin wani ya hau mota a Unguwa Uku. Ki ce a turo miki ainihin fayil ɗin ba hoton waya ba. Kuma ki girmama teknolojis ɗin lab ɗinku, ki gaishe shi da kyau ki tambaye shi, sau tari ya fi kowa sanin wane sikeli ne ke ƙarya.

Sai Malam. Kiran waya a ce ina so in zo in gan ka shi ne abin da ya fi sauƙin ɗagawa zuwa wani satin, domin bai san ko minti biyar za ki ci ko awa biyu ba. Ki rubuta shafi ɗaya tak, tebur mai kala da narkewa da maganaɗisu da kondaktans na kowane ɗaya yadda suka fito ba gyara, a ƙasa tambaya biyu. Ki tura masa a WhatsApp kamar haka, Assalamu alaikum Farfesa, Allah ya ƙara lafiya, na samu Ni ɗina dayamagnetik ina ganin sukwaya filana ne, Fe kuma ina zargin ya koma Fe(III), ina neman izini in maye shi da Zn ko in yi Fe(III) ɗin kai tsaye, minti goma ya ishe ni in zan samu ganinka bayan lakca. Ki san ranar da yake da aji ki tsaya a bakin ofis da kwalaben samfur ɗinki a hannu. Malamin inoganik in ya ga jan garin nan da sifili a gabansa shi da kansa zai ja kujera. In akwai sufabaiza na biyu ki yi amfani da shi, haƙƙinki ne. Kodinetan PG, mai kula da 'yan mastas, sai in duk wannan ya ƙi, kuma ko shi ki je da sigar neman shawara kan lokacin da ya rage miki, kar ki je da ƙara, har yanzu hannun Malam kike buƙata a shafin farko.

Maigida kuma ki yi masa adalci, mutumin da ya fitar da kuɗi sau biyu a wannan tsadar bai ga komai ba dole ya yi magana, shi a ganinsa rami ne ba ƙasa. Kar ki je masa da kuka ko da sunayen kemikal, ki zauna bayan ya ci abinci ki nuna masa a takarda, biyu sun yi, wato Ni da Cu in shi ma ya tsallake gwajin, ɗaya za a canza, ga abin da ya rage a saya da kuɗinsa, ga watan da kike sa ran miƙa rubutu. Kuma ki faɗa masa an nemi ki biya dubu saba'in a ƙirƙira miki kin ƙi, gara ya ji daga bakinki. Kuɗin nan da kika fara tunanin nemowa, a sa shi a zink asitet da etanol da IR na biyu.

Shi wancan in ya sake tuntuɓa ki ce na gode, Malam ya ce in sake gwajin, kar ki ƙara ko kalma, kar ki tura masa data ɗinki ko da sunan zai duba miki. Ba ki ce komai kan Cu ba a wasiƙar, ina sa ran wajen 1.8 zuwa 2.0 zai ba ki tunda elektaron ɗaya ne. In kin sake na Mn da asitet ki turo min lambobin IR ɗin biyu da inda kowanne ya narke mu duba.